Baƙo da Bare da Ɗan Cin Rani: Hausar Ikkilisiya a Fadamar Haɗejiya

Duk wanda ya bi tarihin rubutun Hausa na boko ya san cewa tun kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, masu mishan sun daɗe suna buga littattafai cikin harshen nan. Mu da mu ke koyar da Hausa mukan ambaci wannan a darasi ɗaya, mu yaba wa Schön da Robinson da Bargery saboda ƙamus, sa'an nan mu wuce zuwa Magana Jari Ce. Ba safai mukan tsaya mu auna littattafan ikkilisiya da mudun da mu ke auna sauran rubuce-rubuce da shi ba, watau mu tambaya domin wa aka rubuta, wa ke karantawa, kuma ko maganar da ke ciki ta dace da halin mai karatun. Abin da na ke nufin yi ke nan a wannan takarda, game da littattafai biyu, Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, da kuma jama'a guda, watau Kiristocin da neman abinci ya kai su ƙasar Haɗejiya, su da matansu da 'ya'yansu. Batun gaskiyar addini na bar wa malamansa. Harshe shi ne aikina.

Ƙasar Haɗejiya ƙasar Musulmi ce, ta alarammomi da tsangayu, kuma mafi yawan Kiristocin da ke cikinta zuwa suka yi. Zuwan ya fara ƙarfi ne da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda aka gama a 1930. Hanyar ba ta bi ta cikin birnin Haɗejiya ba, sai ta Malam Madori, nan kuwa aka kafa kantuna da ma'aunin gyaɗa, aka sami akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan tireda daga Kudu. Bayan su sai 'yan sanda da malaman makaranta da na asibiti. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, aka ƙara madatsar Challawa a 1992, sai aikin noman rani ya kawo injiniyoyi da direbobi da makanikai da leburori wajen Auyo da kewaye. Kafa Jihar Jigawa a 1991 ya ƙaro ma'aikatan gwamnati. Daga baya, tun wajen 2011, fitinar Boko Haram ta koro mutane daga Yobe da Borno, Musulmi da Kirista, waɗansu suka yada zango a nan. Ga kuma kasuwar kifi, wadda ba ta taɓa rabuwa da baƙin fuska ba.

Akwai wani abu game da fadamar nan da ya kamata mai karatu ya riƙe, don zai yi mana amfani a gaba. A ƙasar tudu rani lokacin fita ne, in an gama kaka samari su bazu cin rani. A fadama kuwa rani lokacin aiki ne. Ruwa ya janye, ga kamun kifi, ga shinkafa da alkama da tattasai da albasa, ga shanu sun gangaro kiwo. Saboda haka sa'ad da waɗansu garuruwa ke sallamar 'ya'yansu, Guri da Kiri Kasamma da Auyo karɓar na waɗansu su ke yi.

To, da wace Hausa ikkilisiya ke yi wa mutanen nan magana? Asalinta abin mamaki ne, domin daga bakin baƙo aka ɗauko ta. J. F. Schön, wanda ya fassara sassan farko na Linjila a shekarun 1850, bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Babban mai taimakonsa Dorugu ne, yaro daga wajen Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi, Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Waɗanda suka biyo baya, su C. H. Robinson da ya iso Kano a 1894 da ƙungiyar Bishop Tugwell da Sarkin Kano Alu ya sallama a 1900, duk da buri ɗaya suka zo. Sun ga fataken Hausawa sun cika hanyoyi daga Gwanja har Tarabulus, suka ce in Bahaushe ya karɓi bishara, to, jakinsa zai kai ta ko ina. Watau tun farko matafiyi aka yi wa tanadi, amma matafiyi Bahaushe, Musulmi, mai ilmin Larabci gwargwado. Shi Dokta Walter Miller ya sa a gaba sa'ad da ya zauna a Zariya daga 1905, kuma da shi da Dokta Stirrett na mishan ɗin S.I.M. da abokan aikinsu, Turawa da Hausawa, aka kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932.

Falken bai zo ba, sai kaɗan. Gwamnatin Turawa ma ta tsare masu mishan daga shiga ƙasashen sarakunan Musulunci shekara da shekaru, sai a shekarun 1930 aka buɗe musu ƙofa ta hanyar jiyyar kutare, a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Waɗanda suka rungumi littafin su ne Birom da Angas da Bura da Bacama da Kataf da sauran kabilun da Hausa ba harshen uwa ba ce gare su. A hannunsu Hausar Miller ta zama harshen sujada, ta kuma zama harshen da ɗan Filato da ɗan Adamawa ke gaisawa da shi in sun haɗu a bariki ko a ramin kuza. Har akwai ikkilisiya guda da aka kafa musamman domin irin waɗannan ma'aikata, watau Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, HEKAN, wadda ta tashi a Kaduna, don ta tattara 'yan ikkilisiyoyi dabam dabam da aiki ya raba da garuruwansu. Abin da ya haɗa su bai wuce Hausa ba. Wannan babbar nasara ce ga harshen, kuma ya kamata masu tarihin Hausa su riƙa faɗinta da baki cike, don kaɗan ne cikin hukumomin da aka kafa don yaɗa Hausa suka kai ta inda littattafan nan biyu suka kai ta.

Amma nasarar da kuɗinta ta zo. Hausar da ta girma a Jos da Numan da Kagoro ta saki abubuwa da dama. Jinsi ya raunana, har a ce "mace ya zo". Haruffa masu ƙugiya sun narke cikin 'yan'uwansu, dogon wasali da gajere sun zama ɗaya. A gefe guda kuma ta riƙe tsofaffin kalmomin fassarar 1932 da Bahaushen kasuwa ya daina ji, irin su "gama" a maimakon "domin". Da aka fitar da sabuwar fassara a 1979, an matso da ita kusa da daidaitacciyar Hausa, an kawar da tsohon rubutun "ch", an mai da "Kristi" "Almasihu", "Yohanna" kuma "Yahaya". A wajen mai nazarin harshe wannan fassara ta fi daɗin karatu nesa ba kusa ba, jimlolinta na Hausa ne, ba Turanci da aka sa wa riga ba. Sai dai masu sujada da yawa sun ga ta yi musu zurfi, waɗansu kuma sunayen ne ba su kwanta musu ba, har fassarar da aka yi daga baya mai suna Sabon Rai Don Kowa ta koma ga sauƙaƙƙiyar Hausa da sunayen da aka saba. Yanzu fa dubi mai bishara a Haɗejiya. A gabansa ga tsoho ɗan fansho da ya haddace ta 1932, ga makaniki Ibo da Hausarsa ta kasuwa ce, ga matar ɗan sanda daga Langtang, ga kuma 'ya'yansu duka, waɗanda aka haifa a nan, Hausa a bakinsu ta Bahaɗeje ce tsantsa. Ko wacce ya buɗe, wani ya zama bare a ɗakin.

Wannan duk da sauƙi. Inda na ke ganin babban rauni shi ne a kalma ɗaya, kalmar da ta fi kowacce shafar mutanen nan, watau "baƙo".

Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, ya rarrabe mutanen da ba 'yan ƙasa ba. Akwai nokri, wanda ya zo daga wata ƙasa, bai shiga jama'a ba, yau yana nan gobe ya wuce. Akwai toshab, mai zaman wucin gadi a ƙasar wani. Akwai sakir, wanda ake ɗauka aiki a biya shi lada. Sa'an nan akwai ger, wanda sunansa ya fito fiye da sau 90, shi ne mutumin da ya baro ƙasarsa ya zauna daram cikin waɗansu, ba shi da gonar gado, ba shi da dangin da za su tsaya masa, amma shari'a ta ba shi hakki. Yana da rabo a kalar gona, yana hutawa ranar hutu, ba a karkata masa shari'a, kuma Littafin Firistoci sura 19 ya umarta a ɗauke shi kamar haifaffen gida. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta haɗa shi da ɗan ƙodago, ta hana a kwana da ladansa. Labarin Rut kuwa daga farko har ƙarshe labarin mace ce da ta bi surukarta zuwa ƙasar da ba tata ba, ta ci abinci da kala a gonar mai arziki. Duk wanda ya ga mata suna bin bayan masu yankan shinkafa a fadama ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan littafi.

Masu fassara da masu wa'azi na Hausa sun dogara ga "baƙo" don ɗaukar nauyin ger, kuma ba za a ce sun yi kuskure ba, don ita ce kalmar da ta fara zuwa baki. Tana ma da wani alheri da Turanci ba shi da shi, domin a Hausa wanda ba a sani ba da wanda aka saukar a gida sunansu ɗaya, kuma kalmar tana jawo shimfiɗa da ruwan sha da kunyar mai gida. Amma a duba ɗaya fuskar. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Ma'anar baƙunci ita ce tafiya na nan tafe. Abin da ake yi wa baƙo kyauta ce da karamci, ba hakki ba ne da zai tsaya gaban alƙali ya nema, kuma baƙon da ya daɗe har ya fara tambayar rabonsa ya fita daga ladabi. Ger kuwa ba mai tafiya ba ne, zama ya zo yi, abin da aka ba shi kuma doka ce ta ba shi. Saboda haka in aka karanta wa birkila ɗan shekara 30 a Haɗejiya cewa a ƙaunaci baƙo, abin da kunnensa na Hausa ya ji shi ne a yi masa kirki kafin ya tafi. Abin da nassin ke nufi ya fi haka nauyi ƙwarai.

Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. "Bare" ya yi daidai da nokri, har da ɗan sanyin da ke cikinsa. "Ɗan ƙodago" shi ne sakir ba ragi ba ƙari. "Ɗan cin rani" ya kusa da toshab, ko da ya ke ya ɗaure shi da lokacin shekara. Ger ne mai wuya. A tsohon tsarin sarauta akwai "caffa", watau mutum ya zo ya sa kansa ƙarƙashin inuwar wani babba, a ba shi wurin zama da gona da kariya, shi kuma ya yi biyayya. Wannan ya kama rabin ma'anar, wajen zama da kariya, amma yana warin barantaka, ya mai da hakki alfarmar ubangida. Ni dai da za a tambaye ni, sai in ce a bar "baƙo" inda ake maganar saukar da matafiyi, amma a wuraren shari'a a faɗi abin a fili, a ce "baƙon da ya zauna a cikinku" ko "mazaunin da ba ɗan ƙasa ba", ko da jimlar ta yi tsawo, kuma a riƙe lafazi ɗaya daga farko har ƙarshe don mai karatu ya gane suna ne na wani matsayi. Malaman fiƙihu sun riga sun yi irin wannan tsantseni, ba su cuɗa ibnus sabili mai rabo a zakka da wanda aka yi ijara da shi ba, kuma Bahaɗeje da ya yi karatun zaure ya san bambancin.

Bari in ɗan ratse. Kalmar da Hausar ikkilisiya ta zaɓa wa mabiyan Yesu goma sha biyu ita ce "almajirai", asalinta kuwa Larabci ne, almuhajir, wanda ya yi ƙaura. Ko da gangan aka yi ko dace ne, babu zaɓin da ya fi wannan kyau a littafin duka. A garin tsangayu kamar Haɗejiya kalmar ba ta bukatar bayani, kowa ya san yaron da ya bar gida ya bi malami da allo da ƙoƙo. Abin takaici, masu wa'azi sun goge ta da yawan amfani har ta zama lakabi kawai, ba su cika tunawa da cewa jama'ar da ke zaune gabansu muhajirai ne na gaske ba.

Littafin Waƙoƙi kuwa hukuncina a kansa ya fi tsanani. Mafi yawan abin da ke ciki fassarar waƙoƙin Ingila da Amurka ne, an riƙe muryoyinsu yadda su ke, aka cusa kalmomin Hausa a ciki. Waƙar Turanci ƙidayar gaɓoɓi ta ke yi da bugun ƙarfi. Waƙar Hausa kuwa, kamar yadda Greenberg ya nuna tun 1949, a kan nauyin gaɓa ta ke tafiya, mai nauyi da marar nauyi, ga kuma karin sauti da ke rarrabe ma'ana. In aka ɗora gajeren wasali a doguwar murya, ko aka hau da murya inda kalma ke sauka, sai ma'ana ta zame. Misalin da ya fi dacewa da zancenmu yana cikin kalmar tamu. "Baƙi" jam'in baƙo da dogon wasali ya fara, murya ƙasa sa'an nan sama. "Baƙi" na launi gajeren wasali ne, murya sama duka. In kuma ƙugiyar ta faɗi, kamar yadda ta ke faɗuwa a bakin masu Hausar bariki, sai a sami "baki" na cin tuwo. A rubuce na farko da na biyu ba su da bambanci, a waƙe kuwa muryar Bature ce ke yanke hukunci. Tsofaffi sun saba, ba sa ji. Yaran da aka haifa a Haɗejiya suna ji, suna kuwa danne dariya.

Wajen ma'ana ma akwai magana. Jigon baƙunci ya yi yawa a waƙoƙin nan, amma kusan ko yaushe baƙuncin ruhu ne, duniya masauki, sama gida. Ba na musun cewa wannan yana sanyaya zuciya, kuma jigo ne da waƙoƙin wa'azi na Musulmi suka sani sarai. Sai dai in aka ce kowa baƙo ne, to, baƙuncin wanda mai gona ya riƙe wa kuɗin aiki, ko wanda ambaliyar 2020 ko ta 2022 ta cinye ɗakin hayarsa, ya ɓace cikin na kowa. Ba za ka sami komi a ciki ba game da matar da aka bari a gida da yara, ko kuɗin da ake aikawa, ko gawar da za a ɗauka a mota kwana guda don a binne a ƙauye. Shekarar littafin ma ta manomin tudu ce mai kaka ɗaya. Ba ta san wurin da ake girbi a tsakiyar rani ba, ba ta kuma san cewa a garin baƙi lokacin Kirsimati, sa'ad da littafin ya fi cika da waƙa, shi ne lokacin da kujeru ke zama wayam don kowa ya tafi gida.

Abin da littafin ya bari, mata sun ɗauka. Waƙoƙin Zumunta Mata, waɗanda su ke ƙirƙira da kansu, da tulu da ganga da caki, ɗaya ta bayar sauran su amsa, su ne adabin gaskiya na wannan jama'a. Muryarsu na bin kalma, don daga kalmar aka fara. Suna maganar miji da kishi da rashin lafiya da kuɗin makaranta. Nahawunsu ba na Kano ba ne, kuma mai jan alkalami zai sami abin ja a ko wane layi, amma a ma'aunin da na ambata da farko, watau dacewar magana da mai jinta, sun fi littafin da aka buga. Rediyo ma ta taɓa yin irin wannan aiki. Muryar Bishara, da ake shirya wa shirye-shirye a Jos ana watsawa daga Adis Ababa tun 1963 har gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe tashar a 1977, tana isa ga masunci a bakin ruwa inda ba fasto ba ɗakin sujada. Sashenmu na Hausa ya tara waƙoƙin makaɗan fada da na noma da na dambe, ya kamata a ce an aika ɗalibai su ɗauki na matan nan tun masu su na da rai.

Saura batun yara, wanda shi ya fi shafar malaman kwalejojin horon malamai. A 1952 Paparoma Pius na 12 ya fitar da wata doka mai suna Exsul Familia, ya ce a nema wa masu ƙaura limamai masu jin harshensu. Amma ya iyakance wannan kulawa ga mai ƙaurar da 'ya'yan cikinsa, bisa zaton cewa jikoki sun riga sun narke cikin ƙasar da suka sauka. A 1969 aka cire wannan iyaka, don an ga zaton bai tabbata ba. Dokar Italiyawa da Polawa da ke Amurka ta tuna, waɗanda harshe ke raba su da masu masaukinsu, in harshen ya tafi baƙunci ya tafi. A Arewa abin ya juye. Yaron da aka haifa a Malam Madori, uwa Batarokiya uba Bakataf, ba shi da wani harshe sai Hausa, ya fi iyayensa da fastonsa iya ta. Harshe ya riga ya mai da shi ɗan gari. Takarda ce ba ta yarda ba, domin ranar da zai nemi shiga makarantar gaba ko aikin gwamnati za a tambaye shi shaidar asalin ƙaramar hukuma, a tura shi ƙauyen kakansa wanda bai san ko gaisuwarsu ba. Shi ne ger na sosai, kuma shi ne wanda littattafan nan biyu ba su tanadar wa komi ba. Darasin makarantar Lahadi da Hausar iyayensa aka rubuta shi, ko kuwa da Turanci, don ikkilisiyoyi da yawa na birane sun mai da sujadar matasa Turanci.

Irin wannan yaro yana cikin ajin Hausa na kusan ko wace makarantar sakandare daga Haɗejiya zuwa Gumel. Sau da yawa shi ne ke rubuta insha'i mai kyau, sa'an nan a tsakiyar shafi "gama" ta faɗo masa, ko ya rubuta "Yohanna" inda abokin zamansa zai rubuta "Yahaya". Malamin da ya san tarihin da muka bi a sama zai gane cewa kalmar ta baro Zariya a 1932, ta bi ta Jos, ta iso fadama a cikin akwatin mahaifiyarsa, kuma zai nuna masa inda ake amfani da ita da inda ba a yi, maimakon ya zagaye ta da jan biro ya rage masa maki.